Valve ba waliyyi ba ne, amma ku bar ni in sha ruwan rijiyarsa

Jiya da dare mun kusa raba gari da wani abokina a kan maganar da ba ta kai ta kawo ba. Ƙanina ne ya kawo mini laftof ɗinsa, irin na hannu ɗin nan da ake shigowa da su daga Turai, wai Windows 11 ta ƙi hawa saboda injin ba shi da wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, ga shi Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Na ce kawo. Na goge komai, na ɗora masa Linux, babbar manhajar kyauta mai maye gurbin Windows, na sauko da Steam, shagon wasannin kwamfuta na kamfanin Valve, muka danna wani wasa da tun asali don Windows aka yi shi. Sai da muka yi zaman jiran wani layi yana ja a hankali kamar hawainiya, fankar laftof ɗin tana huci, yaron yana ta leƙen batir don an ɗauke wuta. Can sai ga wasa ya buɗe, sauti ras, hoto ras. Yaro ya yi tsalle ya ce, "Yaya, wallahi Valve ɗin nan mutanen kirki ne!"

Abokina da ke gefe yana shan shayi ya yi tsaki. Ya ce kamfani ba ya kirki, ruwa ba ya tsami banza, duk wanda ya yarda da su wawa ne. Ni kuma na tsaya a tsakiya, na ɓata wa kowa rai.

Abokina yana da gaskiya a kan niyya. Valve bai shigo harkar Linux don lada ba. A 2012, lokacin da Windows 8 ke tafe da shagonta na sayar da manhajoji, Gabe Newell, shugaban Valve wanda shi kansa tsohon ma'aikacin Microsoft ne, ya fito fili ya kira ta bala'i. Tsoronsa a bayyane yake: kasuwarsa gaba ɗaya a cikin gidan wani take, ranar da mai gida ya ga dama zai iya rufe ƙofa ko ya ce a biya kuɗin shiga. Kamfanin da ke yankar kashi 30 cikin ɗari na yawancin abin da aka saya a shagonsa ba zai zauna yana kallo ba. Shi ya sa aka ga Steam na Linux a 2013, aka ga Steam Machines, na'urorin wasa masu aiki da Linux, a 2015, waɗanda suka faɗi warwas don babu isassun wasanni a kansu. Daga nan suka gane cewa roƙon masu yin wasanni su yi wa Linux nata daban ɓata baki ne, sai suka koma neman tafinta. A watan Agusta 2018 suka fito da Proton, wanda ke karɓar yaren Windows daga bakin wasa ya juya shi zuwa abin da Linux ke ji. A 2022 Steam Deck, na'urar wasansu ta riƙewa a hannu, ya fito, mafi araha a dala 399, kuma da babu Proton da na'urar ba ta da abin nunawa. Lissafin kasuwa ne tun daga farko har ƙarshe.

To, sai me?

Inda muka rabu da abokina ke nan. Shi yana ganin da zarar ka gano akwai riba a ciki, magana ta ƙare. Ni kuma ina ganin nan ne ma ta fara. Ɗan kasuwa ya haƙa rijiya a ƙofar shagonsa don masu zuwa ɗibar ruwa su riƙa sayen sabulu. Ba don Allah ya yi ba, kowa ya sani. Abin da zan tambaya shi ne, ranar da ya tashi daga unguwar, zai tafi da rijiyar ko zai bar ta? Ya sa mata murfi da kwaɗo ne, ko kuwa ya yi wakafi da ita?

Proton a kan Wine aka gina shi, aikin sa kai na sa manhajojin Windows su yi aiki a Linux da aka faro tun 1993, kuma lasisinsa na buɗaɗɗiyar manhaja ne. DXVK, ɓangaren Proton da ke juya DirectX, yaren hoto na Windows, zuwa Vulkan wanda Linux ke ji, wani mutum ɗaya ne, Philip Rebohle, ya faro shi don kansa kafin Valve ta fara biyansa ya ci gaba. Suna aiki da CodeWeavers, kamfanin da ke aiki a kan Wine, suna zuba kuɗi a direbobin Mesa na katin hoton AMD, a 2024 kuma suka shiga tallafa wa Arch Linux kai tsaye, wanda a kansa SteamOS na yanzu, wato Linux ɗin da ke cikin Steam Deck, yake zaune. Duk wannan aikin a fili yake, kowa na iya kwafa, ya gyara, ya raba. Abin da ya fi burge ni ma shi ne mutane na amfani da shi ta manhajojin buɗe wasanni irin su Heroic da Lutris suna buga wasannin da suka saya a shagon Epic da na GOG, wato kishiyoyin Valve, kuma Valve ba ta da ikon hanawa. In gobe suka ce sun gaji, aikin zai yi rauni sosai, don albashi ne ke riƙe da manyan masu aikin, wannan ba abin musu ba ne. Amma abin da aka riga aka zuba ya zubu.

Wanda bai san bambancin ba ya tuna da Sony. Sun sayar da PlayStation 3 da damar ɗora Linux, wadda suka kira OtherOS. A Afrilun 2010 suka tura sabuntawa guda ɗaya suka cire ta daga na'urorin da mutane suka riga suka biya kuɗinsu, har sai da aka je kotu. Ko Rocket League: Epic ta sayi kamfanin da ya yi shi a 2019, zuwa Maris 2020 an daina tallafa wa na Linux da na Mac. Apex Legends ya yi shekaru yana tafiya lafiya a Steam Deck, a ƙarshen 2024 EA, kamfanin da ke da wasan, ta toshe 'yan Linux, wai don maganin masu maguɗi. Watakila da gaskiyarsu a kan maguɗin, ban zo jayayya ba. Amma duk waɗannan alheri ne na baki, wanda mabuɗinsa ke aljihun mai shi.

Sai kuma ƙanina, da shi da duk masu ɗaukar Gabe kamar wani kawunsu. Ku yi a hankali. Rijiyar wakafi ce, amma shagon ba wakafi ba ne. Manhajar Steam ita kanta rufaffiya ce, ba ka ganin cikinta. Wasannin da ka tara ka biya da dala, a wannan marra da dala ta fi ƙarfin talaka, ba naka ba ne yadda kake zato. Tun Oktoba 2024 Steam ta fara rubutawa a wurin biya cewa lasisi kake saye, bayan jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta tilasta faɗin haka. Ƙa'idarsu ma ba ta yarda ka miƙa wa wani asusunka ba. Mu da muka saba in mutum ya rasu har buta da tabarma sai an sa a rabon gado, wannan kaɗai ya isa ya sa ka yi shiru na minti ɗaya. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: tunda Proton na aiki, masu yin wasanni da yawa sun daina wahalar yi wa Linux nata na asali. An tsere wa dogaro da kamfani ɗaya, an wayi gari jingine da wani.

Valve kamfani ne mai zaman kansa, ba ya kasuwar hannun jari, shi ya sa yake iya haƙurin shekara goma a kan abin da bai kawo riba nan take ba. Wannan haƙurin na mutanen da ke riƙe da shi yau ne. Gabe an haife shi a 1962, ya haura sittin. Shugabanci yana canjawa, kamfanoni ana sayar da su, kuma babu takardar da ta ɗaure magaji ya ci gaba da halin wanda ya gada.

Ni dai ina saye a Steam, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma wasan da nake so ƙwarai, in yana GOG, can nake zuwa, don suna ba ka fayil ɗin girkawa ba tare da kwaɗo ba, in sauke in adana a wani tsohon hard disk da ke cikin durowata. Na nuna wa ƙanina yadda ake yi, ya gyaɗa kai ba tare da ya ɗago daga allo ba. Abokina ya ƙarasa shayinsa, ya yi shiru, sannan ya ce ko zan duba masa tasa laftof ɗin ranar Asabar, ita ma wai ta ƙi karɓar Windows 11.