Gashin asibiti ba ya watsa sankarar mama, jinkiri ke ba ta hanya

Tun da aka buɗe cibiyar kula da cutar daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a watan Yulin 2025, na ɗauka matanmu sun huta da jigilar zuwa Shika ko Sakkwato. Sai ga tsohuwar maganar nan ta dawo a saƙonnin murya na WhatsApp da gidajen biki, wai daji ba ya son ƙarfe, kuma gashi, wato ƙona ƙwayoyin cutar da hasken na'ura a asibiti (radiotherapy), ke tayar da shi ya watsu a jiki. Raina ya ɓaci matuƙa.

Babbar hujjar masu yaɗa maganar ita ce: "An yi wa wance gashi, ko shekara ba ta yi ba ta rasu." Allah ya jiƙanta. Amma yaushe ta je asibiti? Sankarar mama tana fara yaɗuwa ne ta kaluluwar hammata, ko ta bi jini ta sauka a ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa. Matar da ta shekara biyu tana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe har nonon ya fashe, cutar ta riga likita nisa. Shi gashi aikinsa a wurin da aka saita shi ne kawai. Yana lalata ƙwayoyin halittar dajin har su kasa hayayyafa. Abin da ya riga ya tsere zuwa hanta, ba gashin ne ya kora shi can ba.

A 2011 masana sun tattara bayanan mata sama da 10,000 da aka cire musu kullutu aka bar nonon. Cikin shekara 10, cutar ta dawo wa kusan kashi 35 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa gashi ba, waɗanda aka yi wa kuwa kusan kashi 19. Masu kawo gwajin da aka yi a kan ɓeraye a matsayin hujjar cewa gashi na watsa daji su bar mu da matan da aka bi lafiyarsu shekara da shekaru.

Gaskiya ne fata takan yi duhu, jiki ya yi lis. Wannan ne zai sa a tsorata marar lafiya? Wanda ke tura saƙon nan daga wayarsa, da rayukan iyayenmu mata yake wasa, ko ya sani ko bai sani ba.

Gidajen rediyonmu da malamai da ungozomai su sa baki. Maigida kuma, ranar da uwargida ta ce ta ji kullutu, a makon ya kai ta asibiti.