Ficewar Nijar daga ECOWAS: a kan iyakar Najeriya da hanyar Ghana takalmin zai matse

Ranar 29 ga Janairun 2025 wa'adin shekara guda na ficewa da Nijar da Mali da Burkina Faso suka bayar ya cika, ECOWAS ta koma mai ƙasashe 12 maimakon 15. Tun daga nan muhawarar ta tsaya kan juyin mulki da Faransa da Rasha. Amma ƙungiyar da aka rattaba wa hannu a Legas ranar 28 ga Mayun 1975 ta tattalin arziki ce tun asali, don haka da ma'aunin kasuwa ya kamata a auna ribar zama cikinta da hasarar barinta. A ganina, ƙasar da ba ta da teku ta fi kowa buƙatar irin wannan ƙungiya, kuma ita ce ta fi kowa shan wuya idan ƙungiyar ta juya mata baya.

Babban abin da zama memba ke bai wa ɗan kasuwa shi ne tsarin cire kuɗin fito, wanda jami'an kwastan ke kira ETLS. An fara shi a 1979 da amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu, aka shigar da kayan masana'antu a 1990. A ƙa'ida, albasar Galmi ko ragon da aka kora daga Damagaram zuwa kasuwar Maigatari ba sa biyan fito, ba a ma neman takardar shaidar asali a kansu. Kayan masana'anta kuwa sai sun cika sharaɗi. Ko dai kashi 60 cikin ɗari na ɗanyen kayan da aka sarrafa ya fito daga cikin yankin, ko sarrafawar ta sauya wa kayan aji a jadawalin kwastan, ko kuma ƙimar da masana'antar ta ƙara ta kai kashi 30 cikin ɗari na farashin bakin masana'anta. Wato mai yin sabulu a Sharaɗa da ke sayar da katan naira 10,000 sai ya nuna a rubuce cewa aƙalla naira 3,000 daga ciki ƙima ce da aka ƙara a gida. Zai kai lissafinsa ga kwamitin amincewa na ƙasa, a duba masana'antarsa, a ba kowane samfuri lamba, a aika sunan hedikwatar ƙungiyar a Abuja don a sanar da sauran ƙasashe. Bayan haka kowane lodi yana tafiya da takardar asali mai wa'adin wata shida. Harajin VAT na ƙasar da aka kai kayan yana nan, ana biyansa; fito kaɗai aka yafe, kuma nan ne 'yan kasuwa da yawa ke rikicewa har su yi ta jayayya da jami'ai a banza.

Inda tsarin ke lalacewa sananne ne ga duk direban tirela. Jami'i ya nemi takardar asali a kan buhun wake wanda doka ta yafe masa ita. Jerin kamfanonin da aka amince da su ya makara bai iso kan iyaka ba, mota ta kwana uku a Jibiya. Shingayen hanya su cinye abin da aka yafe na fito, albasa kuma ba ta jira, zafi ya kama ta a cikin buhu ta fara ruɓewa. Shi ya sa ƙananan 'yan kasuwa da yawa ba su taɓa ɗanɗana amfanin ƙungiyar ba, suna bin barauniyar hanya kamar yadda suka gada. Duk wanda ya ce ECOWAS ba ta tsinana masa komai ba, sau da yawa gaskiyar abin da ya gani ya faɗa.

Sai farashin da ƙasa ke biya. Ranar 1 ga Janairun 2015 aka fara aiki da jadawalin fito na bai ɗaya kan kayan da ke zuwa daga wajen yankin, mai matakai biyar: sifili, kashi 5, 10, 20 da 35. Da zarar ƙasa ta shiga, ta sallama ikon tsara fitonta yadda take so, ga kuma kashi 0.5 cikin ɗari da ake cirewa don gudanar da ƙungiyar. Shinkafa ta nuna raunin abin. Jadawalin ya sa ta a kashi 10, Najeriya ta ɗora mata nata ƙarin haraji mai nauyi don kare manomanta, sai shinkafar Asiya ta riƙa sauka a Kwatano tana kwararowa ta Benin da Nijar. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ta rufe har da halattattun kayan maƙwabtanta, kuma ƙungiyar ta kasa tsawata mata. Ƙananan ƙasashe sun riƙe wannan a zuciya, kuma suna da hujja.

Abin da ya fi ciwo shi ne takunkumin 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan juyin mulkin Yamai. An rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da Nijar ke samun mafi yawan lantarkinta daga gare ta, babban bankin ƙasashen sefa, BCEAO, da ke Dakar ya daskarar da asusun gwamnati. Sai 24 ga Fabrairun 2024 aka janye. Sojojin ba su sauka ba, talakan Ƙonni da na Illela ne suka ji a jikinsu. Ƙungiyar da ta ɗauki abinci da magani da wuta ta mai da su bulala, ita da kanta ta rusa amanar da kasuwar bai ɗaya ke tsaye a kai. Wannan kuskure ne babba, kuma bai kamata a sake shi ba a kan kowace ƙasa.

Duk da haka, ficewa ba ta kawo teku kusa ba. Tun da hanyar Kwatano zuwa Gaya ta toshe, kayan Nijar da yawa ke bi ta Lome, su ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji, hanya mai tsawo da tsada da haɗari. A Maris ɗin 2025 ƙawancen da ƙasashen uku suka kafa, wato AES, ya sa nasa harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ke shigowa, wato ɗawainiyar ƙungiya ba ta gushe ba, ta sauya aljihu ne.

Akwai wani abu da masu sharhi ke yawan tsallakewa. Ƙasashen uku ba su fita daga UEMOA ba, ƙungiyar ƙasashe takwas masu kuɗin sefa. Don haka cinikinsu da zirga-zirgarsu zuwa Togo da Benin da Senegal da Kodibuwa suna da wata rumfar doka da za su fake a ciki. Najeriya da Ghana ba sa cikin UEMOA. ECOWAS ce babbar igiyar da ta ɗaure Nijar da su a fannin fito, da zaman kwana 90 ba biza da yarjejeniyar 1979 ta tanada, da izinin zama da kafa sana'a. Saboda haka wanda ficewar ta fi shafa shi ne mai kai hatsi daga Dawanau zuwa Maraɗi, da mai safarar albasa zuwa Kumasi da Akara, da iyalin da rabinsu ke Daura rabinsu ke Matamaye. Haka nan ɗan Nijar ya rasa kotun ƙungiyar, wadda a 2008 ta bai wa Hadijatou Mani gaskiya a kan gwamnatin ƙasarta a shari'ar bauta.

A ranar ficewar, ECOWAS ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na 'yan ƙasashen uku, a kuma ci gaba da yi wa kayansu rangwamen ETLS har sai an ga abin da hali ya yi. Matakin ya yi kyau, sai dai alfarma ce, sanarwa ɗaya ta isa ta soke ta. Banki ba ya ba da bashin gina rumbun ajiya ko masana'antar sarrafa fata a kan alfarma.

Mafita tana nan a tarihin ƙungiyar. Muritaniya ta fice a shekarar 2000, ta dawo ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwar kasuwanci a 2017 ba tare da ta koma memba ba. Irin wannan ya kamata a rubuta da AES, kada a jira shekara goma sha bakwai: a amince da takardar asalin kayan juna, a tabbatar da kwana 90 da izinin zama, a ci gaba da inshorar motoci ta bai ɗaya da direbobi ke ƙetare iyaka da ita, a tsara yadda kaya za su wuce daga tashoshin jiragen ruwa, a kuma sa sakin layi ƙarara da ke haramta rufe iyaka ga abinci da magani da lantarki komai zafin rikicin siyasa. Najeriya ce ya fi kamata ta matsa a kan haka, domin ita ke shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kuma tilas a san wane fito tarago zai biya a Jibiya kafin jirgin farko ya tashi.