Wa Zai Karɓi Ajin Inna Malama?

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, 'yan'uwa cikin Almasihu.

Tun da Ubangiji ya kira Inna Malama gida, hotunanta sun cika Facebook da WhatsApp. 'Ya'ya da jikoki sun zo daga Kano da Kaduna da Jos, an yi anko, matan Zumunta, ƙungiyar matan ikkilisiya, sun yi waƙa har muryoyinsu sun dushe. Ta cancanci fiye da haka. Amma akwai maganar da ke cina, kuma da mu iyaye nake.

Inna ta tashi a ƙauye wajen Roni, ƙasar Kazaure, cikin gidan Maguzawa, a zamanin da ake ganin aikin 'ya mace bai wuce daka da surfe da kai abinci gona ba. A hannun 'yan mishan na SIM ta koyi karatu, kuma da tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar 1932, bakinta ya buɗe. Da gwamnati ta kawo shirin UPE, wato ilimin firamare kyauta ga kowane yaro, a 1976, firamare ta cika da yara ana neman malamai ruwa a jallo, tana cikin waɗanda suka riƙe alli. 'Ya'yan Musulmi da na Kirista duk sun bi ta hannunta, shi ya sa ranar jana'izarta liman da mai unguwa suka zo gaisuwa, suka daɗe a zaune.

Babban ajinta kuwa a tsakar gida yake. In an ci tuwon dare sai ta shimfiɗa tabarma, ta goge gilashin fitilar ƙwai da bakin zani, ta kira yaran gida da na maƙwabta 'yan ikkilisiya. Wanda bai iya baƙi ba, ta share ƙasa da tafin hannu ta zana masa da tsinke. Wanda ya iya, ta miƙa masa Littafin, bangonsa ɗinke da zare, ya karanta Zabura tana bin layi da yatsa. Yaro ya yi tuntuɓe, ba ta gaya masa kalmar; sai ta ce, "Sake, jikana, ba gudu muke ba." Ko da damina, an dawo daga noma jiki duk ya mutu, ba a fasawa. Da kaka kuma, kafin dami ɗaya na gero ya shiga rumbu, sai an ware na Ubangiji a gaban idon yaran.

Yanzu mu duba gidajenmu. Yaranmu sun iya latsa waya tun kafin su iya ɗaura zani, amma a ce su buɗe Bisharar Yahaya su karanta da Hausa, sai kame-kame. Mun sakar wa malamin makarantar Lahadi komai, awa ɗaya a mako, muna jiran ya yi abin da ya kamata a yi kowane dare. Uba yana majalisa, uwa tana kallon waya, an kwanta ba addu'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku buɗe 2 Timoti 1:5. Da Manzo Bulus ya tuna da bangaskiyar Timoti, kakarsa Loyis ya fara ambata, sannan mahaifiyarsa Afiniki. A Titus sura 2 kuma, tsofaffin mata aka ɗora wa koyar da ƙanana. Umarni ne, kuma bai ce sai mai takardar shaidar malanta ba. Iyayenmu mata na Zumunta, wannan nauyinku ne. Maza, Maimaitawar Shari'a 6:7 ba ta cire ku ba: a koya wa 'ya'ya maganar Allah a zaune a gida, a kan hanya, da kwanciya da tashi.

Ku jikokinta da ke birni, kun ci moriyar tabarmar nan. Da ita kuka zama malamai da ma'aikatan jinya. Ku shimfiɗa wa naku 'ya'yan irinta, ko aya biyar ce kafin barci.

Ajin karatun manya da take yi wa mata ranar Laraba da yamma ba shi da malami tun da ta kwanta ciwo. Duk wadda ta iya karatu kuma Ubangiji ya taɓa zuciyarta, ta ga shugabar Zumunta bayan sujada ranar Lahadi. Allah ya ta'azantar da iyalinta.