Ciwon da ba a san sunansa ba

Mai ɗa da sikila yana cikin wahala, amma ya san abin da yake fama da shi, ya san maganin da zai saya da ranar komawa asibiti. Akwai kuma iyayen da aka yi wa ɗansu gwajin jini, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, aka ɗebi ruwan ƙashin baya, likita ya duba takardu ya ce, "Har yanzu ba mu ga komai ba." Su nake son a yi wa adalci.

Ina da maƙwabta a wannan hali. Yarinyarsu sai jikinta ya ɗauki zafi, ta sandare, can ta farfaɗo kamar ba ita ba. Sun sayar da fili, sun sayar da 'yan kunnen uwar. Wallahi ban ga abin da ke riƙe da gidan nan ba sai imani. Cikin dare uwar ke tashi ta yi alwala, ta zauna kusa da shimfiɗar 'yar tana maimaita addu'ar Annabi Ayyuba da ke cikin Suratul Anbiya: cuta ta shafe ni, Kai ne Mafi jinƙan masu jinƙai. Uban kuwa ya yi mata tofi da Falaƙi da Nasi, gari na wayewa ya saɓa ta a kafaɗa sai layin ganin likita. Bai taɓa ɗaukar ɗayan a matsayin kishiyar ɗayan ba.

Mu masu zuwa dubiya ne matsalar. Da an ji likita bai gano ba, sai kowa ya zama masani. "Ai wannan ba ciwon asibiti ba ne." Wannan ta ce sammu, waccan ta ce iska, wata ta rage murya ta ambaci kishiya ko wata tsohuwa a dangin miji. Ba hujja, ba tsoron Allah. A bar iyaye da ciwon 'ya, a ƙara musu da gabar dangi. In uwa ta fashe da kuka kuma a ce ba ta da tawakkali, alhali Manzon Allah (SAW) da kansa ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi.

Ku tuna Zamfara a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum yara suka riƙa suma suna sandarewa suna mutuwa, maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu komai ba. Sai da likitocin MSF, ƙungiyar agajin lafiya ta ƙasa da ƙasa, suka sa aka gwada jinin yaran, aka ga gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Kimanin yara 400 suka rasu. Ciwon yana da suna tun farko, gano shi ne aka yi jinkiri. Da aka gano, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar, aka ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jiki, mace-macen suka ragu ƙwarai.

Shi ya sa hadisin nan ke ratsa ni: Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta, wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba bai sani ba. "Ba mu gani ba" a bakin likita iyakar saninsa ne a yau. Babu inda addini ya ce a naɗe takardun asibiti a jefa ƙarƙashin gado don an fara ruƙiyya.

In za ka je gidan irin waɗannan, ka bar fassarar ciwon a ƙofa. Ka kai kuɗin mota zuwa Asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika da ke Zariya, ki ɗauki ƙannen yarinyar su wuni a wajenki uwar ta samu ta runtsa, a biya musu gwaji ɗaya ko da karo-karo ne. In ka san likitan yara da ya ƙware, ka haɗa su. Allah Ya ba yaran nan lafiya, Ya haska wa likitocinsu.