Chuck Berry: Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi

Tun da mujallar Rolling Stone ta fitar da jerin gwanayen jita 250 a watan Oktoban 2023, ta ajiye Chuck Berry, baƙar fatar Amurka da ke cikin waɗanda suka assasa kiɗan rock and roll, a na biyu bayan Jimi Hendrix, ta ba mawaƙiyar coci Sister Rosetta Tharpe na shida, nake ta cin karo da masu murna a intanet wai an yi wa baƙaƙen fatar Amurka adalci, magana ta ƙare. Wace maganar ce ta ƙare? Berry ya rasu tun Maris ɗin 2017. Tharpe kuwa tun 1973 ta kwanta dama, kuma kabarinta a Philadelphia ya haura shekara 30 ko allon suna babu. Wannan yabo ihu ne bayan hari.

Abin da ya kamata a tattauna shi ne suna da kuɗi. A 1955 Berry ya tashi daga St. Louis ya nufi Chicago, inda mawaƙi Muddy Waters ya nuna masa hanyar kamfanin faifai na Chess. Waƙarsa ta farko, "Maybellene", ta sayar da faifai fiye da miliyan ɗaya. Da faifan ya fito sai ga sunaye uku a matsayin masu waƙar: nasa, da na Alan Freed, farar fata mai gabatar da shiri a rediyo, da na wani abokin hulɗar kamfanin, Russ Fratto. Babu wanda ya ƙara ko baiti ɗaya a cikinsu. Freed dai an ba shi kaso ne don ya riƙa saka faifan a rediyo, wato toshiyar baki da dukiyar wani. Sai a 1986 haƙƙin waƙar ya dawo hannun mai ita, bayan shekara 31.

Haka ƙungiyar mawaƙa fararen fata ta Beach Boys ta ɗauki karin waƙar Berry "Sweet Little Sixteen" ta sauya masa baitoci a 1963, ya zama "Surfin' U.S.A.", sai da aka matsa kafin sunan Berry ya hau. Ko ƙarar da aka kai John Lennon na ƙungiyar Beatles kan aron da ya yi daga waƙar Berry "You Can't Catch Me", ɗan kasuwa Morris Levy ne ya shigar, domin a hannunsa haƙƙin waƙar yake. Kun ji fa!

Saboda haka raina ke ɓaci idan na ji ana kiran Berry marowaci mai wuyar sha'ani, don kawai ba ya hawa dandamali sai an ƙirga masa kuɗinsa lakadan. Mutum ne da yake yawo shi kaɗai da jitarsa, duk garin da ya sauka a nemo masa 'yan amshin kiɗa, ya yi wasansa ya wuce. To wanda aka yanka tun a faifansa na farko, da wa kuke so ya yarda? Ni a wurina wannan karatu ne ya ɗauka, kuma ya haddace.

Masu cewa kiɗa ba shi da launin fata, kowa aro yake yi, su fara gaya mana me ya sa aron yake tafiya ta ko'ina amma ribar ta nufi gida ɗaya. Elvis Presley, farar fata, shi aka naɗa sarkin rock and roll. Hollywood ma ba ta ji kunya ba, a fim ɗin "Back to the Future" na 1985 ta nuna wani yaro farar fata yana kaɗa waƙar Berry "Johnny B. Goode" a 1955, ana buga wa Berry waya ya saurara ya koya. Wai barkwanci ne. Waƙar nan ce fa hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta zaɓa ta saka a faifan kumbon Voyager a 1977.

Ban ce Berry waliyyi ba ne. Ya shiga kurkuku fiye da sau ɗaya, kuma abin kunyar da ya biyo bayansa game da mata ba na karewa ba ne. Amma laifin mutum ba ya halatta cin guminsa.

Idan da gaske ake, kamfanonin da suka gaji tsofaffin faifan nan su buɗe littattafansu, a ga abin da ya shigo da abin da aka biya, a ba magada ragowar. Kuma lissafin ya hau kan kowa, har da shi Berry ɗin. Johnnie Johnson, mai kaɗa fiyano da ya fara ɗaukarsa cikin ƙungiyarsa a St. Louis, wanda hannunsa ke cikin fitattun faifan nan, tuƙin mota yake yi yana jigilar tsofaffi lokacin da Keith Richards, mai jitar ƙungiyar Rolling Stones, ya nemo shi a 1986. A shekarar 2000 ya kai Berry kotu yana neman a sa sunansa a waƙoƙin. Alƙali ya kori ƙarar, ya ce ya makara.