Filin mabushi a Gosport, da masu kakakinmu da ba a san sunansu ba

A garin Gosport da ke kudancin Ingila, inda jirgin fito yake kai mutum daga Portsmouth cikin 'yan mintuna, akwai wani ɗan fili a tsakiyar gari da aka raɗa wa sunan Nat Gonella. Iskar teku tana kaɗawa da sanyi, tsuntsayen ruwa suna ta kuka, tsofaffi suna wucewa da jakar cefane. Mutumin nan bai taɓa sarauta ba, bai ci yaƙi ba. Mabushin ƙaho ne. Abin ya tsaya mini a rai.

An haife shi a Landan a 1908, ya tashi a makarantar yara marasa galihu a Islington, can ya koyi busa a badujalar makaranta. Ya yi aiki a ƙarƙashin shugabannin ƙungiyoyin kiɗa Billy Cotton da Roy Fox da Lew Stone, kunnensa kuwa yana kan faifan Louis Armstrong, baƙar fatar Amurka da ya shahara wajen busa ƙaho a kiɗan jaz, har suka haɗu lokacin da Armstrong ya zo Landan a 1932. A 1935 ya kafa tasa ƙungiyar, Georgians. Ya shiga soja a 1941. Bayan yaƙi ya gwada sabon salon jaz da ake kira bibop, abin bai karɓe shi ba, ya koma inda ya fi wayo.

Ƙahon nasa bututun tagulla ne mai kusan mita ɗaya da rabi, an naɗe shi, da maɓallai uku. Kowanne in an danna yakan ƙara wa iska tsawon hanya, amo ya sauka ƙasa, na tsakiya kaɗan, na uku ya fi duka. Amma asalin sauti daga karkarwar leɓe yake. Mai gaggawar hawa sama yakan matse bakin ƙarfen a leɓensa maimakon ya ƙara saurin iska daga ciki. Jini ya daina zagawa, leɓe ya kumbura, wata rana ya tsage. Armstrong kansa ya sha wannan. Gonella ya ajiye ƙaho a 1973, ya ci gaba da waƙa har kusan rasuwarsa a garin Gosport a 1998.

To, mai kakaki fa? Ba shi da maɓalli ko ɗaya. Doguwar tagulla ce ake harhaɗawa, ya ɗaga ta sama, da leɓe da ƙirji kaɗai ya fitar da kirarin sarki har na bayan gari ya gane wa ake nufi. Kada wani ya ce mini wannan ya fi sauƙi.

Gaskiya ne, namu yana da sarautarsa a fada da gadon gidansu, abin da Gonella bai samu ba. Kuma Baturen nan, in za a faɗi gaskiya, kwaikwayon baƙar fatar Amurka ya yi. Duk da haka an rubuta shekarar kowane faifansa, an san wa ya busa tare da shi. Mu kuwa sai mu ce "maroƙa ne" mu wuce. Mawaƙan fada mun riƙe sunayensu, mabusa ko oho.

A nan daren Juma'a shiru yake, sai ƙarar motoci a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. A gida, da an idar da isha'i, kakaki da algaita sun tashi a ƙofar fada. Shekara nawa muna jin busar nan daga tsakar gida, ba wanda ya aiki yaro ya tambayo sunan tsohon da ke yin ta.