Fili ba ya tsallaka iyaka

Wani labari da na karanta ya ce kare gida ko fili a kotu ya fi kare haƙƙin fasaha sauƙi. Haka ne, amma bai faɗi dalili ba. Gida a Jidda yana da sakki, wato takardar shaidar mallaka, iyakarsa a rubuce take, alƙali zai sa a je a auna. Tambarin kasuwanci fa? Rajistarsa a SAIP, hukumar kula da haƙƙin fasaha ta Saudiyya, shekara 10 ce, sai an sabunta, kuma ƙarfinta a Saudiyya ya tsaya. Ƙanena mai haɗa turare a Makka ya tarar ana sayar da kwalabe da sunansa a Kano, abin ya yi mana ciwo ƙwarai, lauya ya ce sai da rajistar Najeriya. Malam da ka ce duk shari'a ɗaya ce, wa ya taɓa ɗauke fili ya kai wata ƙasa?